Gwaggo Mai Ganye da Ganyen Direba

Ƙarfe bakwai da rabi na safe take buɗe shagon, kuma ba da shara take farawa ba. Takan tsaya a bakin wani tankin roba mai cin ruwa kamar bokiti uku, ta ɗaga murfinsa, ta leƙa. Ruwan ciki shuɗi ne, irin shuɗin da ido ke so amma fata ba ta so. Idan ta ga ya yi garau, sai ta sa safar hannu ta jawo wayoyin da ta rataya jiya, ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen kowace waya akwai abin da jiya ganye ne, ko kwanson iri, ko busasshen fure, yau kuma ya fito ja yana ƙyalli, da jijiyoyinsa da duk ramin da tsutsa ta taɓa ci. Sai ta duba su ta ɗauraye su sannan take neman tsintsiya.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, tsakanin shagon tela da na mai gyaran rediyo. Ƙarshen watan nan za ta rufe. Hannunta na dama ya fara rawa, likita ya ce ba zai daina ba, 'yarta kuma, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ce ba za ta zuba ido uwarta tana ɗaga kwalbar asid da hannun da ke zubar da shayi ba. Duk layin Gwaggo ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Baƙo in ya zo nema, sai a ce masa ya tambayi Gwaggo Mai Ganye.

Sunan ya fi sana'ar sauƙin faɗa. Har yau babu mutum biyu a layin da za su ba ka amsa ɗaya in ka tambayi me take yi. Mai rediyo, wanda ya fi kowa ganin wayoyinta, ya ce aikin lantarki ne. Mata masu wucewa kasuwa sun ga shuɗin ruwa sun ce rini ne, har akwai wadda ta taɓa kawo zani. Masu hango ganyaye a shanye kan tebur sukan shigo su rage murya su tambayi maganin ciwon baya. Wata shekara jami'in duba shaguna ya zo da takardarsa mai layi-layi, ya zauna minti arba'in, ta yi masa bayani sau biyu. Ya duba layin maƙera, ya duba na masu magani, ya duba na masu cajin batir, a ƙarshe ya rubuta "da sauransu" ya tafi. Tela ya shekara yana kiranta Gwaggo Da Sauransu.

Ga aikin kamar yadda take yinsa. Abu sai ya bushe ƙarau tukuna, domin ɗanyen abu in aka kulle shi cikin ƙarfe ruɓewa yake yi daga ciki. Sai ta manna masa ɗan zoben da sarƙa za ta bi, ta shafe shi da banish irin na kafintoci, shafi uku, don kada asid ya kai ga ganyen. Sai baƙin fenti da ake haɗawa da garin bakin fensir, wanda shi ke sa wuta ta bi jikin abin da ba ƙarfe ba. Daga nan ta rataya shi da waya cikin shuɗin ruwan, kusa da wata sandar jan ƙarfe, ta kunna ɗan akwatin da ke sakin wuta kaɗan-kaɗan. Wutar tana gutsurar jan ƙarfe daga sandar tana kai shi jikin ganyen, awa goma sha biyu, wani lokaci ashirin. In wutar ta yi yawa, abin ya fito da ƙuraje. In ta yi kaɗan, wani gefen ya fito tsirara.

Wannan bayani ta yi shi ya fi sau dubu, kuma kusan kullum ga inda yake ƙarewa.

"To ganyen fa, ina ya tafi?" in ji mai saye.

"Yana ciki."

"Cikin ƙarfen? Bai ƙone ba?"

"Ba irin wannan wutar ba ce."

"Wato dai zana ganyen kika yi a jikin ƙarfe."

"Ban zana komai ba. Riga na sa masa."

Sai mai saye ya kai ɗan kunnen kusa da kunnensa ya girgiza ko zai ji motsi, ya ce Allah Ya ƙara basira, ya tafi bai gane ba.

A wata masana'antar cokula da mariƙan ƙofa ta koyi tanki da wuta, shekara tara, kafin a rufe wurin. Can ƙarfe ake lulluɓewa da ƙarfe. Ganye ita ta koya wa kanta, da ɓarna: ruwa tanki biyu ta lalata a shekarar farko kafin ta gane amfanin banish. Tela, wanda ya yi shekara ashirin da shida bango ɗaya ya raba su, ya ce bai taɓa ganin ɗigon shuɗi a kwatar layin ba. Ruwan da ya gaji takan ɗura shi a jarka ta kai inda ake karɓar irinsa, tafiyar awa guda a mota. Wata malamar makaranta ta ba da labarin ranar da ta kawo fure ɗanye tana son sa gobe. Gwaggo ta ce mako uku. Malamar ta yi fushi ta fita da furenta, ta dawo da yamma ta ajiye shi kan tebur. Shekara goma sha ɗaya ke nan furen yana wuyanta.

Akwai kuma wata ɗabi'a tata da ya kamata a sani, domin a kanta abin da ya faru a watan nan ya rataya. Duk abin da aka kawo mata wanda ba shi da na biyu, ba ta sa shi a tanki sai ta gwada da mai kama da shi. Wayar da ta rataya abin mutane a kanta kuma takan ɗaura mata jan zare, daga guntayen da tela ke zubarwa, don kada ya cuɗanya da na gwaji.

Farkon watan nan wani direban motar haya, mutum mai kimanin shekara hamsin da biyar, ya shigo ya tsaya yana kallon tankin. Ya ciro walat, ya zaro wata takarda a ninke, ya buɗe ta a hankali. Ganyen lemun tsami ne guda ɗaya, ya koma ruwan ƙasa, da layin ninki a tsakiyarsa, tsininsa a karye. Matarsa ce ta shuka bishiyar a tsakar gidan da suka zauna haya. Ta rasu shekara huɗu da suka wuce, mai gidan kuma ya sare bishiyar zai ƙara ɗakuna. Ranar da ake jan rassan waje direban ya sunkuya ya ɗauki ganyen. Yanzu 'yarsu ɗaya tilo ta sami aiki a wani gari mai nisa, za ta tafi ranar Asabar ta ƙarshen wata, yana so ta tafi da shi a wuyanta.

"Guda nawa ka ɗauka?" in ji Gwaggo.

"Shi ke nan."

"Bishiya guda a ƙasa, ka ɗauki ganye ɗaya?"

"Gwaggo, ai ban san zan zo wurinki ba."

Ta karɓa. Washegari ta samo ganyen lemun tsami kusan arba'in ta baje kan tebur, ta auna da ma'auni, ta zaɓi biyu da suka yi daidai da na direba a tsawo da faɗi. Ta danne su cikin takardu mako biyu har suka bushe. Ta ninke kowanne daidai inda nasa ya ninke, domin ta ga yadda jan ƙarfe zai haye layin. Ta ari ƙaramin almakashin tela ta datse tsininsu daidai inda nasa ya karye.

"Gwaggo, jabu kika koma bugawa a ƙarshen aiki?" in ji tela.

"Ka kula da wandon mutane, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Na gwaji na farko ya fito da tsaga a kan ninkin. Ta rage wuta, ta ƙara fenti a wurin. Na biyu ya fito babu aibu. Ranar Talata ta rataya na direba da jan zarensa. Laraba da safe ta jawo shi, shi ma babu aibu. Ta ɗauko na gwajin, wanda har lokacin yake kan wayarsa, ta riƙe wayoyin biyu a hannun hagu, ta kai su hasken taga tana gwadawa. Ta ji daɗi. Ta tsoma su a bahon ɗauraya. Sai hannun dama ya yi abin da ya saba yi shekara talatin da ɗaya da kayan sayarwa, waɗanda ake yankewa tare a zuba wuri ɗaya: ya ɗauki filaya ya datse wayoyin biyu lokaci guda. Ganyen biyu suka faɗa ruwa, suka juya, suka kwanta. Jan zaren yana nan a kan wayar da ta rage a hannunta.

Ta tambayi kanta wanne ne yake hagu lokacin da ta ɗaga su, ta ga kamar na direba ne, ta ga kuma kamar ta juya hannu a bakin taga. Ta sa hannu ta tsamo su, sai bayan sun fito ta tuna cewa ko inda kowanne ya kwanta a bahon yanzu ta ɓatar. Ta ɗora su a ƙaramin sikeli, allurar ta tsaya wuri ɗaya. Ta sa gilashin ƙara girma ta bi jijiyoyinsu. Jijiyoyin sun bambanta, amma ba ta haddace na direba ba, tsawo da faɗi da ninki ta auna, su kuwa ita da kanta ta daidaita su. Har sansana su ta yi. Ta buga bango, tela ya shigo da tef a wuya.

"Wanne ne nasa?" ya ce, bayan ya ji abin da ya faru.

"Da na sani zan kira ka?"

"To ki ba shi wannan."

"Me ya sa wannan?"

"Ya fi kama da wanda ya sha zama a aljihu." Ya ga ba ta yi dariya ba, ya ja benci ya zauna. "Gwaggo, tsakani da Allah. Shi ba zai gane ba. 'Yarsa ba za ta gane ba. Ke da kika yi ma ba ki gane ba. In kin miƙa masa ɗaya, rabi ma gaskiya ne. Wa aka cuta?"

Ta kira 'yarta a waya.

"Inna, ba ki ɗauki hotonsa ba kafin ki shafa fentin? Wayar da na saya miki ta mece ce?"

"Ta kiranki ce."

"To ki jera su duka biyun a sarƙa ɗaya, ki ce masa kyauta kika ƙara."

Ta juya wannan shawarar yini guda. Ta ga tana da kyau, ta ga kuma kalmar kyauta ita ce ƙaryar. Ta sa ganyen a ambulan biyu, ta rubuta ɗaya da biyu, ta zauna tana kallonsu kamar lambar za ta faɗa mata wani abu. Alhamis da hantsi ta kira direba.

Ya zo ya tarar da ganye biyu kan farin ƙyalle. Ta faɗa masa abin da ya faru daga farko har zuwa filayar, ba ta rage ba, ba ta kuma ɗora wa rawar hannu laifi ba.

"Ban gane ba," ya ce. "Ganye ɗaya na kawo."

"Ɗaya ka kawo."

"To haihuwa ya yi?"

Ta sake bayani. Ya saurara da baki a ɗan buɗe.

"Wato kin yi na ƙarya don kada ki ɓata na gaskiya."

"Haka ne."

"Na ƙaryar kuma ya yi kyau har ya ɓatar da na gaskiyar."

"Haka ne."

Ya sunkuya ya ɗauki na dama. Ya ce wannan ne, shekara huɗu yana tare da shi, ba zai kasa gane shi ba. Ya ajiye, ya ɗauki na hagu, ya juya shi. Ya sake ɗaukar na dama. Sannan ya nemi benci ya zauna.

"Kullum sai na buɗe na duba shi kafin in ta da mota," ya ce. "Ashe launinsa kawai nake kallo."

A nan ne Gwaggo ta faɗi hanya ɗaya da ta rage, wadda tun jiya take kewaye ta. Za a iya goge ɗan wuri a bayan ganye da magagari, a kankare baƙin fentin, a hango abin da ke ƙarƙashin banish. Nasa ya shekara huɗu, ruwan ƙasa ne. Nata mako biyu ya yi a takarda, da sauran kore. Amma rigar ƙarfen ba ta kai kaurin farce ba, ganyen da ke ciki kuma in nasa ne, taɓawa ɗaya zai zama gari. Ta miƙa hannunta na dama a gabansa ta bar shi ya ga yadda yake rawa.

"Ka ga abin da zai riƙe magagarin. In ka so, ka tafi da su duka biyun yadda suke, ɗaya dai naka ne tabbas."

"Babu wani mai yi?"

"Ban san wani ba."

"In naki ne ya za ki yi?"

"Ba nawa ba ne, malam."

Ya dubi ganyen, ya dubi ƙofa. "Yarinyar nan za ta tambaye ni wanne ne. Halin uwarta gare ta, sai ta tambaya." Ya miƙe. "Ki buɗe."

Juma'a da safe, lokacin da hannun ya fi lafawa, aka yi. Tela ya naɗe wani guntun yadi ya sa mata a ƙarƙashin wuyan hannu. Mai rediyo ya kashe rediyonsa, abin da layin bai taɓa ji ba, ya shigo. Ta kifa na ambulan ɗaya, ta fara goga kusa da gindinsa, ja biyu ta tsaya, ja biyu ta hura. Minti ashirin da biyar kafin baƙin fentin ya bayyana, wuri kamar ƙwayar shinkafa. Ta kankare shi da tsinin allura. Kai uku suka haɗu a kan gilashin.

"Ruwan ƙasa ne," in ji direba.

"Kore-kore dai nake gani," in ji mai rediyo.

"Kai da ba ka bambanta jar waya da baƙa sai ta ja ka," in ji tela. Ya karɓi gilashin, ya kai taga, ya dawo. "Shekara arba'in ina zaɓen zare. Wannan tsakani yake."

Jan ƙarfen da ke kewaye da ramin yana ruɗar ido. Babu yadda za a sani sai an ga na biyu a gefensa, hannun kuma ya riga ya gaji, rawar ta ƙaru. Gwaggo ta ajiye magagari, ta sha ruwa, ta huta minti goma. Sannan ta kifa na ambulan biyu. Sau ɗaya magagarin ya zame ya ja layi a bayan ganyen, direba ya juya fuskarsa bango. Bai ratsa ba. Da baƙin ya tashi, babu wanda ya nemi gilashi. Kore ne, mai duhu, amma kore. A gefensa na farko ya fito fili, ruwan ƙasa kamar yadda ya fito daga walat.

Ta tura na farko gaban direba da yatsa ɗaya. Ta ce zai bar mata shi zuwa yamma, za ta shafe ramin da fenti ta mayar tanki awa shida, ya rufe ko alama babu.

"Kar ki rufe," ya ce.

"Rami ne fa a bayan sarƙa."

"Ki ɗiga masa wannan ruwan naki da ake gani ta cikinsa. In ta tambaya, sai ta juya ta gani da idonta."

Haka aka yi, ta ɗiga banish a ramin. Yarinyar ta tafi ranar Asabar, tela ya ce ya ga motar uban ta wuce bakin layi da akwati biyu a sama. Na gwajin kuwa Gwaggo ta ƙi sayar da shi, ta jefa shi aljihun tebur inda take tara ɓatattu.

Gwaggo, ke ce kika yi kuskuren, kuma ba a ɓoye shi a nan ba, domin ke ma ba ki ɓoye shi ba. Ke ce aka ba hanya biyu masu sauƙi, daga bakin maƙwabci da bakin 'ya, dukansu masu ƙaunarki, kika kwana da su kika ƙi. Ke ce kika nuna wa mai kaya hannunki yana rawa kafin ki ɗora shi kan abin da ba shi da na biyu. Mai sa wa ganye riga, ba duka layin ne suka fahimci aikinki ba, amma mutum uku sun ga yadda kike yinsa ranar da ya fi wuya. An gode, Allah Ya ba hannun sauƙi, Ya sa hutun ya yi albarka.

Saura kwana huɗu ta kashe akwatin wutar. Masu aikin hannu da ake bar wa kayan mutane, tela ne ko makaniki ko mai gyaran waya, kowa akwai ranar da abu biyu za su cuɗe masa a kan tebur, mai kaya ba ya nan, kuma ba zai taɓa sani ba. Ranar, a ɗauki waya a kira shi.